Ka Gina Ko Ka Saya? Matakan Zaɓen Manhajar Lissafin Kasuwancinka a Damagaram

Tambayar a gina manhaja ko a saya ce ke ta dawo mini daga bakin mutane daban-daban: mai sayar da kaya a sari a Kasuwar Dole, mai farmasi a Sabon Gari, shugabar ƙungiyar mata masu adashi, daraktan makaranta mai zaman kanta. Kowannensu ya gaji da littafin lissafi da ƙwaƙwalwar kai. Yana son kwamfuta ko waya ta riƙa gaya masa nawa zai sa wa kaya, yaushe zai sake yin oda, wa ya cancanci bashi. Kuma kusan kowa yana da mutum biyu a kunnensa: wakilin wani kamfani da ke tallar manhaja haɗaɗɗiya daga Yamai ko Turai, da wani matashi na gida da ya karanta kwamfuta, yana cewa, "Baba, ka bar ni, ni zan haɗa maka taka."

Abin da ke cikin manhaja yana yanke irin waɗannan hukunce-hukunce shi ake kira algoritim, wato jerin ƙa'idojin da na'ura ke bi daki-daki: in kaza ya faru, a yi kaza. Matsayina tun daga farko shi ne: abin da kowane ɗan kasuwa ke yi iri ɗaya, ka saye shi, ɗan ƙaramin abin da kai kaɗai ka iya, shi za ka gina, kuma ko wanne ka zaɓa, bayananka da makullinsu su zauna a hannunka. Ga yadda ake kai wa ga wannan shawara, mataki bayan mataki. Kada ka tsallake na farko, don shi ne mutane suka fi rainawa.

1. Rubuta ƙa'idar da hannunka

Kafin ka yi magana da wakili ko injiniya, zauna da biro da takarda tare da wanda ke yin aikin kullum, ko yaron shago ne ko magatakarda. Zaɓi hukunci ɗaya tak da kake son na'ura ta ɗauke maka. Rubuta abu uku: me ake dubawa, me ake lissafawa, me ke fitowa a ƙarshe.

Ɗauki misalin sake oda. A ce kana sayar da katan 12 na sabulu a rana, kaya kuma na ɗaukar kwana 5 daga ranar da ka yi waya zuwa ranar da mota ta sauke. Kana son ajiye katan 20 saboda ɓacin rana. To 12 sau 5 sun zama 60, ka ƙara 20, sun zama 80. Ƙa'idarka ita ce: duk ranar da sabulu ya sauko katan 80, a yi oda. Wannan algoritim ne cikakke, kuma layi ɗaya ne a Excel.

Na farashi ya fi haka kwana-kwana. Wanda ke saro kaya a Kano yana biya da naira, yana sayarwa da sefa. Sai ya haɗa canjin ranar, kuɗin mota, kuɗin dwan, dako, asarar abin da ya fashe a hanya, sannan riba. Kuma akwai tambayar da dole ka amsa a takarda: da canjin ranar da ka saya za ka sa farashi, ko da canjin ranar da za ka koma sari? Ƴan kasuwa masu wayo da na biyun suke aiki, domin kuɗin da ka karɓa yau da shi za ka maye gurbin kayan gobe.

Hattara: "yadda muka saba yi" ba ƙa'ida ba ce. Rubuta har da togaciya, kamar ragin da ake yi wa dillali, da abokin cinikin da ake ɗaga wa ƙafa zuwa Alhamis mai zuwa. In ka kasa cika wannan a shafi ɗaya, babu injiniyan da zai iya haɗa maka shi, kuma babu manhajar da za ka iya tantance ko ta dace.

2. Raba aikin gida biyu

Ja layi a tsakiyar wata takarda. A dama rubuta ayyukan da duk wani kamfani a Nijar ke yi iri ɗaya. A hagu rubuta waɗanda suka keɓanta da kai.

Ɓangaren dama zai cika da wuri: fitar da faktir, wato takardar shaidar ciniki, lissafin harajin TVA na kashi 19, riƙe littattafai bisa SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni da Nijar ke bi, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, biyan albashi da kuɗin asusun fanshon ma'aikata, CNSS, ƙidayar kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. A farmasi, fitar da maganin da wa'adinsa ya fi kusa kafin sabo. A makaranta, lissafin makin ɗalibi da fitar da takardar sakamako. Duk waɗannan an riga an gina su, dubban mutane sun gwada su, an gyara kurakuransu. Kuma doka ce ke juya su: ranar da ta sauya, kamfanin da ya sayar maka zai gyara wa abokan cinikinsa gaba ɗaya, alhali in taka ce, kai za ka nemo mai gyara kuma ka biya shi.

Hattara: hukumar haraji, DGI, tana da tsarin faktir mai shaida da ake kira SECeF, kuma manhajar da ke fitar da irin wannan faktir sai hukumar ta amince da ita. In kasuwancinka na cikin waɗanda dokar ta shafa, je ofishin haraji na Zinder ka tambayi sharuɗɗan kafin ka biya kowa ko dala. Manhaja mai kyan fuska wadda ba ta fitar da faktir ɗin da ake karɓa ta bar ka da aiki biyu.

Ɓangaren hagu gajere ne, amma nan ribarka take. Farashi mai bin naira yana nan. Haka ma awo: ka sayi gero a buhu, ka sayar a tiya, kuma buhun wannan kasuwa ba daidai yake da na waccan ba. Haka azumi. Yawancin manhajojin hasashen ciniki suna kwatanta watan Maris na bana da Maris na bara, alhali Ramadan na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Sukari, dabino, madara da ƙanƙara watan Musulunci suke bi, shadda da takalma jajibirin salla suke jira, hatsi kuma yana bin kaka da bazara. Manhajar da ba ta san wannan ba, za ta ce ka cika shago bayan kasuwa ta watse. Sai kuma bashi, wanda a garin nan ya rataya a kan sanayya, mai tsaya wa mutum, da tarihin biyansa.

Kafin ka bar abu a hagu, yi masa tambaya uku. Shi ne ke sa ka fi maƙwabcinka riba ko saurin ciniki? Kana sauya shi sau da yawa a shekara? Ka nema a manhajojin da ke akwai ba ka samu ba? Wanda bai ci ukun nan ba, mayar da shi dama. Mutane da yawa suna ganin kasuwancinsu ba shi da na biyu, amma da an zauna an duba sai a ga kusan duk aikin irin na kowa ne.

3. Duba abin da ka tara na bayanai

Ƙa'ida mai sauƙi irin ta katan 80 ba ta buƙatar tarihi mai tsawo. Amma duk wani abu mai hasashe, ko saye ko gini, da bayanan baya yake ci. Ɗauko littattafanka ka duba: akwai kwanan wata a kowane ciniki? Sunan kaya iri ɗaya ake rubutawa kullum, ko yau "Omo babba" gobe "omo GM"? An rubuta ranar da kaya ya ƙare aka mayar da mai saye hannu wofi? Wannan na ƙarshen kusan ba wanda ke rubutawa, kuma rashinsa ke sa na'ura ta ɗauka ba a neman kayan.

Don hasashen da ya haɗa da azumi da damina, kana buƙatar aƙalla shekara biyu cikakku, domin kowane lokaci ya zo sau biyu. In ba ka da su, ajiye maganar hasashe. Sayi manhaja mai sauƙi ta rubuta ciniki, ka tara bayanai masu tsabta, ka dawo kan wannan tambaya baɗi.

Hattara: akwai watannin da ba sa wakiltar kasuwa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma sake rufewa bayan 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Cinikin waɗannan lokuta a sa masa alama, kada a zuba shi cikin lissafi kamar na kullum.

4. Leƙa kasuwar manhaja kafin ka kira injiniya

Ba wa kanka mako biyu ka gwada aƙalla guda uku. Don lissafin kamfani, kaya da faktir, akwai Odoo, wanda ke da fasalin kyauta da na biya, akwai Dolibarr da ERPNext waɗanda kyauta ne ga mai iya girka su, akwai kuma Sage da kwantabul da yawa a ƙasashen sefa suka saba da shi. Ƙaramin shago na iya farawa da Loyverse a wayar Android. Ƙungiya mai tattara bayanai a ƙauyuka ta duba KoboToolbox, wanda ke aiki ba rezo sai an dawo gari a tura. Asusun bashi da ajiya su duba Mifos. Mai rarraba kaya da babura da ke son tsara hanya ya san Google na ba da OR-Tools kyauta, injiniya ya ɗora a kai kawai.

Ka lura da waɗannan na kyauta. Su ne hanya ta uku tsakanin saye da gini: ka ɗauki ginin da aka gama, ka biya injiniya ya ƙara maka ɗan abin da ke ɓangaren hagu. A ganina yawancin matsakaitan kamfanonin Damagaram nan ya kamata su sauka.

Lokacin gwaji kada ka yarda da nunin da wakili ya shirya tun daga gida. Miƙa masa cinikin Alhamis ɗaya, ranar kasuwa, daga littafinka, ya shigar a gabanka. Sa shi ya sayar da rabin katan. Sa shi ya karɓi kuɗi kashi biyu, wani a hannu wani ta Airtel Money ko NITA. Sa shi ya mayar da kaya. Sannan ka kashe intanet, ka ce ya ci gaba. A nan ake sanin gaskiyar manhaja, domin ranar da rezo ya ɗauke ko wuta ta tafi, masu saye ba za su tsaya jira ba. Daga ƙarshe ka ce ya fitar maka da duk abin da aka shigar a fayil na Excel, ka buɗe shi da kanka.

Hattara: sayen manhaja bisa hoton talla cinikin biri a sama ne. Nemi lambar abokan cinikinsu biyu masu irin sana'arka, ka kira su ba wakilin a kusa, ka tambaye su abu ɗaya: ranar da ta lalace, kwana nawa kuka jira? Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne, kuma "za mu turo mutum" na iya zama mako guda.

In abin da kake so ya shafi ƙirƙirarriyar basira, kamar amsa saƙonnin masu saye ko karanta takardu, kada ka yi tunanin gina irinta daga tushe. Kuɗi da kwamfutocin da ake buƙata sun fi ƙarfin kamfani irin namu. Haya ake yi, ana biya da dala gwargwadon yawan rubutun da aka tura. Gwada ta da Hausar masu sayenka, mai haɗe da Faransanci da kurakuran rubutu, kafin ka amince mata ta yi magana da sunanka.

5. Yi lissafin shekara uku, ba na ranar farko ba

Nan ne aka fi yaudarar kai. Farashin da ake faɗa maka a zaman farko guntun kuɗin ne. Alƙaluman da ke ƙasa misali ne kawai don ka ga yadda ake jera lissafin. Ka maye su da farashin da aka ba ka a rubuce.

Ɓangaren saye. A ce lasisi yuro 20 ne a wata ga kowane mai amfani, kuma ma'aikata 5 za su shiga. A shekara yuro 1,200 ke nan. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka sefa 787,148 a shekara, 2,361,445 a shekara uku. Ƙara kuɗin girkawa da koyar da ma'aikata, a ce 400,000. Jimla ta haura miliyan 2.7.

Ɓangaren gini. A ce injiniya ya nemi 1,500,000. Manhaja ba a gama ta a ajiye. Wayoyi na sauyawa, doka na sauyawa, kurakurai na ɓullowa. Masu sana'ar kan ware kashi 15 zuwa 20 na kuɗin ginin kowace shekara don kulawa, wato 300,000 a misalinmu in an ɗauki kashi 20, 900,000 a shekara uku. Hayar kwamfutar ajiya a intanet da sunan shafi, a ce 60,000 a shekara, 180,000 ke nan. Jimla 2,580,000.

Kusan kunnen doki. Yanzu sauya lamba ɗaya ka gani. In masu amfani 2 ne kawai, lasisin shekara uku ya sauko 944,578, saye ya yi nasara nesa ba kusa ba. In 15 ne, ya haura miliyan 7, alhali kuɗin gini ɗan kaɗan zai motsa. Saboda haka tambayi kanka mutum nawa za su riƙa shiga nan da shekara uku, da rassa nawa, har da na Magaria ko Mirriah da kake tunanin buɗewa.

Akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a takardar kowa, kuma suna kan ɓangarorin biyu: mega na kowane wata, sola da batir ko na'urar riƙe wuta, firinta da takardarta, wayar da za ta faɗi ta fashe, da kwanakin da ma'aikata za su yi suna shigar da tsoffin bayanai. A ɓangaren gini ƙara kuɗin jira. Manhajar saye ana iya fara aiki da ita cikin makonni, ta gini watanni take ci, kuma shawarata ka ninka wa'adin da injiniya ya faɗa sau biyu a lissafinka. Ba don maƙaryaci ne shi ba; kai kanka sai ka ga allon farko za ka tuna abubuwa goma da ba ka faɗa ba.

Hattara: duba kuɗin da za ka riƙa biya da shi. Yuro a ɗaure yake da sefa, dala kuwa hawa da sauka take. Lasisin waje yawanci da katin banki ake biya. Ranar da katin ya ƙare ko babu kuɗi a ciki, ana iya rufe maka shiga a tsakiyar ciniki. Sa ranar biya a kalanda, kuma ka tambayi kwantabul ɗinka yadda haraji ke hawa kan irin wannan biyan.

6. Yanke shawara, ka rubuta dalili

Saya in aikin na ɓangaren dama ne, ko doka ce ke juya shi, ko kana buƙatarsa kafin wata biyu, ko babu wani a kamfaninka da zai iya bin aikin injiniya. Gina in aikin ya ci tambayoyi ukun nan na mataki na biyu, kana da bayanai, kuma kana da kuɗin kulawa na shekaru, ba na gini kawai ba. In takardarka ta nuna dama mai tsawo da hagu gajere, haɗa biyun: tushe na saye ko na kyauta, ƙa'idarka a kai.

Kuma kada ka ji kunyar tsayawa a Excel ko Google Sheets. Ƙa'idar farashi mai bin naira na iya zama shekara guda a nan tana aiki lafiya. In ta tabbatar da kanta, sai a mayar da ita manhaja, kuma a lokacin ka san ainihin abin da za ka ce a gina.

Rubuta dalilinka a layi biyar, ka sa kwanan wata, ka ajiye. Wata shida nan gaba wani zai zo da sabuwar talla, wannan takarda ce za ta hana ka juyawa ba gaira ba dalili.

7. In saye ka zaɓa

Fara da biyan wata-wata ko wata uku, ko da na shekara ya fi araha, har sai ka ga azumi ko kaka ɗaya ta wuce a kanta. Asusun shugaba, wato mai iko da komai a cikin manhajar, a buɗe shi da adireshin imel na kamfani da lambar wayarka, ba na wakili ko na yaron shago ba. A kwantiragi a rubuta abu huɗu: cewa bayanan naka ne, cewa za ka iya fitar da su duk lokacin da ka so ba ƙarin kuɗi, wa'adin da za a ba ka kafin a ƙara farashi, da sa'o'in da za a amsa kiranka in abu ya tsaya.

Tambayi wakili yadda manhajar ke kai wa ga shawararta. In ta ce a yi odar katan 200, ya kamata ka iya ganin lambobin da ta dogara da su. Wadda ba ta nuna dalili, kada ka ba ta hukuncin da ya shafi kuɗi mai yawa ko mutuncin mutum.

Hattara: kwafin sata da ake girka wa mutane a jaka biyu ko uku ba ya samun gyara in doka ta sauya, kuma ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga. Sannan in kana ajiye sunaye, lambobin waya, basussuka ko bayanan lafiyar mutane, Nijar na da dokar kare bayanan sirri da hukumar da ke kula da ita, HAPDP. Tambayi inda kamfanin ke ajiye bayanan, kuma ka nemi sanin abin da hukumar ke buƙata daga gare ka.

8. In gini ka zaɓa

Akwai matasa masu hannu a garin nan, daga Jami'ar André Salifou da sauran makarantu, kuma ina son a riƙa ba su aiki. Amma ba su aiki na gaskiya shi ne a biya su daidai, a kuma rubuta yarjejeniya, ko da ɗan ƙaninka ne. Matsalar da ta fi kashe manhajojin gida ba rashin iyawa ba ce. Mutum ɗaya ne ya san cikinta, sai ya samu aiki a Yamai ko wata ƙungiya ta ɗauke shi, shago ya wayi gari da abin da ba wanda zai iya taɓawa. Duk sharuɗɗan da ke biye don toshe wannan ƙofa ne.

Kafin a rubuta layi ɗaya, buɗe asusu a GitHub ko GitLab da sunan kamfaninka, ka gayyaci injiniya ciki. Nan zai riƙa ajiye kod, wato asalin rubutun da manhajar ke fitowa daga gare shi, kowane mako, ba sai ƙarshen aiki ba. Haka ma hayar kwamfutar ajiya, sunan shafi, da asusun Google Play in ta waya ce, wanda dala 25 ake biya sau ɗaya: duka da sunanka. A kwantiragi a rubuta ƙarara cewa mallakar kod ta koma hannunka bayan biya. Kada ka ɗauka biyan kuɗi kaɗai ya wadatar, rubutu ne ke raba gardama.

Nemi a yi aikin da harshen da injiniyoyi da yawa suka iya, irin su Python, PHP ko JavaScript, don gobe wani ya iya ɗorawa. Nemi lambobin da ke sauyawa, kamar canjin naira, kashin riba, kuɗin mota, ranar fara azumi da nauyin buhu, su kasance a wani allo da kai za ka iya gyarawa. In an binne su cikin kod, kowane motsin naira sai ka kira injiniya.

Raba biya kashi uku, kowane kashi a ɗaure shi da abin da za ka iya gwadawa da hannunka: na farko a fara, na biyu ranar da ƙa'idar ta ba da amsa daidai a kan misalai 20 da ka zaɓo daga tsohon littafinka, na uku bayan wata ɗaya tana aiki a shago. Haɗa da watanni uku na gyaran kurakurai kyauta, da takardar bayani da Faransanci ko Hausa mai nuna yadda ake girka ta daga farko. Sannan ka biya wani injiniya na biyu kuɗin yini ɗaya ya bi takardar ya girka. In ya kasa, aikin bai ƙare ba.

Hattara: kada ka fara da komai lokaci guda. Ƙa'ida ɗaya, reshe ɗaya, kaya 50. Kuma in kana son manhajar ta riƙa karɓar kuɗi kai tsaye daga asusun waya, wannan yarjejeniya ce tsakanin kamfaninka da kamfanin sadarwa ko na tura kuɗi, mai buƙatar takardunka irin su lambar haraji, NIF, da rajistar kasuwanci. Fara neman ta tun ranar farko, domin injiniya ba zai iya gaggauta ta ba.

Ga masu gina ƙa'idar bashi, ƙarin magana ɗaya. Ta dogara da tarihin biya, girman ciniki da mai tsayawa. Kada a sa unguwa, ƙabila ko sunan gida a cikin lissafin. Kuma hukuncin ƙarshe na hana mutum bashi ya zauna a hannun ɗan Adam da zai iya jin uzuri, kamar rashin lafiya ko gobara, wanda lamba ba ta gani.

9. Gwada ta gefe da tsohuwar hanya

Ko saye ko gini, kada ka rufe littafi ranar da aka girka manhaja. Yi wata ɗaya cikakke, mai Alhamis huɗu a ciki, ana rubutawa a wuri biyu. Kowace yamma a kwatanta kuɗin akwati, ragowar kaya da basussuka. Duk inda suka saɓa a bi sawu a ranar, kada a bari ya kwana. Wani lokaci manhajar ce ta yi kuskure, wani lokaci kuma ita ce ta tono ɓarakar da ta daɗe a littafi.

Kada ka fara wannan a cikin azumi ko makon salla, lokacin da yara ba su da sararin koyon sabon abu. Zaɓi watan da kasuwa ta lafa. Kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmar sirrinsa, kuma a ƙayyade wanda ke da ikon sauya farashi ko share ciniki. In wani ya ƙi bin shawarar na'ura, a bar shi, amma ya rubuta dalili. Daga waɗannan dalilai ake gyara ƙa'idar.

Kwamfutar da ke riƙe bayanai a ɗaga ta daga ƙasa, a inda iska ke ratsawa, a riƙa busa mata ƙura a lokacin hunturu, domin zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40. Kwafin ajiya a yi shi kullum, ɗaya a intanet, ɗaya a filas da ke kwana a wani gida daban. Kafin ka biya kashin ƙarshe ko ka sa hannu a lasisin shekara, ɗauki kwafin jiya, ka ɗora shi a wata kwamfuta daban, ka buɗe, ka nemo bashin mutum ɗaya da ka sani. In lambar ta fito daidai, rufe tsohon littafi ka ajiye shi a sif, sannan ka sa ranar da za ka sake duba lambobin ƙa'idar, wata ɗaya kafin azumi mai zuwa.